Abin da Ya Sa Baba Yake Juya Maka Baya

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da 'yar takwarar Inna. Allah ya rufa muku asiri a inda kuke, ya sa albarka a aikin da kake yi, ya raya mana yarinyar nan. Mu nan lafiya muke, sai godiyar Allah. Baban yara yana nan yana fama da aikinsa, bayansa ne dai yake matsa masa in ya daɗe a tsaye. Yara suna makaranta, babbar ta shiga ajin ƙarshe, ta fara jin kanta, yanzu ba a isa a aike ta ba sai ta tsaya gaban madubi. Gwaggo ta warke daga ciwon ƙafar nan, har ta koma faɗa da maƙwabta a kan kwata, ka ga kuwa lafiya ta samu. Ni ma ina nan yadda ka san ni, da safe makaranta, in an tashi na biya gidan Baba na yi masa shara da girki, sannan na wuce nawa gidan na sake wani sabon aikin. Ba zan ɓoye maka ba, Auta, na gaji, irin gajiyar da barci ba ya sauke ta.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun abokin aikinka, alhali ga waya a hannun kowa. To ai kai ka jawo. In na kira ka sai ka ce kana wurin aiki, in na tura saƙo ka maido mini da kalma biyu kamar wanda ake sayar wa da haruffa. Ban da haka ma, maganar ba ta waya ba ce. A gidan Baba ba dama, kunnensa yanzu ya fi na kowa, ko a kicin na yi raɗa sai ya tambaye ni da wa nake magana. A gidana kuma yara ba sa barin mutum ya haɗa magana biyu. Shi ya sa yau da aka tashi ɗalibai na zauna a aji ni kaɗai, na ciro takarda daga tsakiyar littafi. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushin naka da ka gada.

Saƙonka na ƙarshe mai ɗan tsawo yana nan a wayata, ban goge ba. Ka ce ka daina kiran Baba ta allon da ka aiko, domin duk sanda ka buɗe baki sai ya juya maka baya a gaban matarka da 'yarka. Ka ce ka gane har yau bai yafe maka tafiyar da ka yi ka bar masa shagon gyaran keke ba, kuma ba za ka ci gaba da tilasta wa dattijo kallon fuskar da ba ya son gani ba, daga yanzu ta bakina za ka riƙa gaishe shi. A tsaye na karanta, da ludayi a hannu, kuma a lokacin ni ma abin da na zata ke nan. Yanzu na san ba haka ba ne. Amma sai na faro maka daga ranar da kwalin ya iso, in ba haka ba ba za ka gane ba.

Ka tuna ka ce mana haɗawar ba wani aiki ba ne, a soka wannan a wancan kawai a kunna. Allah ya shirye ka. Ni da baban yara muka zube kayan a tsakar ɗakin Baba: ga allon, ga ƙaramar kwamfutar nan mai kamar akwatin sabulu, ga kyamara, ga wayoyi a naɗe cikin leda. Muka kifa allon a kan katifa muna leƙen bayansa. Ramuka biyu ne, ɗaya shuɗi mai ƙananan huji da kusoshin murɗawa a gefe, ɗaya kuma mai faɗin baki. Kebul ɗin da ka sako ya shiga mai faɗin bakin lafiya lau, amma ɗaya kan nasa ya ƙi shiga kwamfutar, don ramin can ya fi ƙanƙanta. Baban yara, ka san shi, a wurinsa duk abin da ya ƙi shiga ƙarfi ne bai ji ba, sai da na fizge daga hannunsa kafin ya lanƙwasa shi. Shi kansa filogin wutar ƙafafunsa ba irin na soket ɗinmu ba ne. Baba yana zaune a bakin gado yana jin mu, ya ce da keke ne da tuni ya haɗa ya hau. Ranar dai haka muka mayar da komai cikin kwali, na tafi gida da ciwon kai.

Daga nan na zama 'yar layin masu kayan lantarki. In na tashi daga makaranta sai na bi ta can da hoton ramin a wayata, ina nunawa shago-shago. Kowa ka nuna wa sai ya ce akwai, ba wanda ya taɓa cewa babu. Adaftar farko da aka ba ni, wato ɗan mahaɗin da zai sa kebul ɗin ya shiga ramin, ko kusa ba ta shiga ba. Na mayar, aka canza mini wata, ita kuma tana shiga amma hoto ba ya zuwa sai an riƙe ta a karkace, in ka saki ya ɗauke. Wani ma ya rantse mini cewa laifin allon ne, in kawo ya karɓa ya ba ni talabijin. A ƙarshen layin ne aka nuna mini wani mai gyaran talabijin da kowa ke kira Injiniya. Shagon nasa ko wurin tsayawa babu, talabijin ne a farke ta ko'ina, ga warin dalma da hayaƙin janareta. Ya duba hoton, ya zaro adaftar da ta dace daga wani gwangwani, ya ce zai zo gida da kansa ranar Asabar. Ya zo ɗin kuwa, a makare, amma ya zo. Ya haɗa, ya kunna, allo ya kawo haske tar, har na ji kamar in yi guɗa.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Ka tuna kiran farko, muna ganin bakinka yana motsi kana ɗaga hannu, mu kuwa ko tari ba ma ji. Injiniya ya yi mini bayani cewa abin da ka aiko allon kwamfuta ne, ba talabijin ba, ba shi da sifika a jikinsa. Kebul mai faɗin bakin nan hoto da murya yake ɗauka tare, don haka kwamfutar tana ta tura muryarka cikin allon da ba shi da bakin fitar da ita. Ya shiga ciki ya daddanna, ya ce ya umarce ta ta riƙa fitar da murya ta wani ɗan zagayayyen rami da ke gefenta, saura a samo sifikar da za a haɗa. Na ce gobe zan koma kasuwa. Nan Baba ya sa baki, ya ce ba za a sayo komai ba alhali ga rediyonsa, wanda ya ce ya fi duk tarkacen zamanin nan murya. Ka san rediyon, babban nan mai sifika biyu wanda murfin kaset ɗinsa ya karye Baba ya ɗaure da robar tayar keke. Injiniya ya juya bayan rediyon, ya ga ramuka biyu, ja da fari, ya ce zai yi.

To ga inda matsalar ta samo asali, ka karanta wannan da kyau. Allon dole a bangon bakin ƙofa aka kafa shi, don nan soket yake, kuma nan ne hasken taga ba ya dukansa. Rediyo kuwa yana kan kantar da Baba ya kafa da hannunsa a saman gado, a ɗaya bangon, inda yake tun Inna tana da rai. Injiniya ya ce a dawo da shi ƙarƙashin allo, Baba ya ce ko taɓa shi ba za a yi ba. Ni kuma na gaji da gardama, na ce a bar masa. Aka samo dogon kebul mai siririn kai ɗaya a wannan gefe, ja da fari a wancan, aka bi da shi ta gindin bango, ta bayan kabad, ana kafa shi da ƙananan ƙusoshi har ya kai kanta. Kyamara aka ɗora ta a saman allo, kujerar Baba aka ajiye ta a tsakiyar ɗaki tana kallon allon. Ka ga ke nan fuskarka tana gabansa, muryarka tana fitowa daga bayansa. Ba wanda ya kawo komai a ransa a cikinmu, mu dai murna muke an ji magana.

Sauran kai ma ka gani da idonka. Duk ranar Asabar tun kafin la'asar zai sa a ciro masa rigarsa mai kyau, ya sa hula, ya zauna. Da ka yi sallama sai ya amsa, sai kuma ka ga kansa ya fara karkata, kafaɗa ta bi, kafin a jima ya ja kujerar gaba ɗaya ya ba ka ƙeya. In na dafa shi na juyo da shi, ba a jimawa ya koma. Ni ina tsaye a gefe ina ganin yadda fuskarka take canzawa, ina ganin matarka tana janye yarinyar daga gaban kyamara a hankali. Wallahi kunya kamar in nutse. Bayan kira na ƙarshe na yi masa faɗa sosai, irin wanda ban taɓa yi masa ba. Na ce yaro ya ɗauki ɗawainiya ya aiko da kaya daga uwa duniya don ya gan shi, shi kuma ya saka masa da ƙeya, wannan wane irin riƙo ne. Cewa kawai ya yi in na gama in miƙo masa butarsa.

Na san abin da yake cin ka, don ina wurin. Ranar da za ka tafi kowa ya fito rakiya ban da shi, yana cikin shago ya kifa wani keke yana juya ƙafarsa, ko ɗagowa bai yi ba. Na san ka tafi da wannan a ranka, kuma duk sanda ya juya a allon nan, wancan bayan kake sake gani. Ban ga laifinka ba. Ni dai na gaji da zama tsakanin mutum biyu masu hali ɗaya, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

Da ka daina kira bai daina shiri ba. Asabar tana yi zai sa rigar, ya sa hular, ya zauna. Tun daga faɗan da na yi masa kuma sai ya riƙa dafe hannun kujera yana fuskantar allo sosai, kamar ɗalibin da aka yi wa kashedi. Ni kuma ina ta yi maka ƙarya, yau na ce sabis ne babu, wani satin na ce an canza maka lokacin aiki. Wata Asabar da ya gaji da jira sai ya ce in kunna masa bidiyon nan da ka turo, wanda takwarar Inna ta fara tafiya. Na kunna, na ɗauki tsintsiya ina share gindin bango don kada zaman ya tafi a banza. Tsintsiyar ta ja kebul ɗin hoto, adaftar ta zare ta faɗo. Allo ya yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan rubutu da yake yawo a kai. Murya kuwa ba ta tsaya ba, tunda hanyarta daban, ana jin dariyar yarinyar da muryarka kana ce mata ta taho. Na tsuguna na ɗauki kan kebul ɗin zan mayar, na buɗe baki zan ba shi haƙuri, sai na ji yana magana. Idonsa yana kan baƙin allon, yana murmushi. Ya ce in duba yadda take ɗaga ƙafa, ya ce goshin Inna ne sak, ya ce jar rigar nan ta yi mata kyau. Jar rigar ni na ambata masa ita ranar da bidiyon ya iso. Ban mayar da kebul ɗin ba, na riƙe shi a hannu har muryar ta ƙare. Da ta ƙare ya ce yau hoton ya fita sosai, lallai Injiniyan nan ya san aikinsa.

Auta, Baba ba ya gani. Na rubuta maka shi a fili don ni ma sai da na faɗa wa kaina a fili kafin na yarda. Na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kuka mai isata, da famfo a buɗe don kada ya ji, kuma na san ya ji. Ina tsaye a wurin abubuwa suka riƙa dawo mini. Yadda ya daina karatu da safe ya ce rubutun yanzu ƙanana ake yi. Yadda ya yi mini faɗa kamar zai dake ni ranar da na canza wa takalmansa wuri. Yadda kofin shayinsa dole sai a gefe ɗaya na tebur. Yadda yake jira sai mutum ya yi sallama kafin ya kira sunansa. Gidan nan ya san shi kamar tafin hannunsa, masallaci kuma tare suke tafiya da maƙwabcinsa tela suna hira, kafaɗa da kafaɗa. Har yau maƙwabta suna kawo masa faci, yana laluben hujin da yatsa, ya kai robar kusa da leɓensa ya ji iska, ya manne ba tare da kuskure ba. Wa zai ce mai yin wannan ba ya gani? Ni da nake shiga kullum a gurguje, idona a kan tukunya da agogo, ban lura ba, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Washegari na zauna kusa da shi na tambaye shi. Da farko ya hau faɗa, ya ce idonsa garau, ni ce dai na fiye sa ido. Na ce to ya faɗa mini launin mayafin da ke jikina. Ya kasa faɗa. Sannan ya ce abin ya fara tun kafin damunar bara, kamar hayaƙi, yana ƙaruwa a hankali. Yanzu yana bambance haske da duhu, in mutum ya tsaya a bakin ƙofa yana ganin inuwarsa, allon naka kuwa a wurinsa kamar taga ce da rana ta haska, babu kowa a ciki. Ya ce kada in kuskura in faɗa maka, don ya san halinka, za ka ajiye aiki ka taho, kuma shi ba zai so a ce ya kasa riƙe ka da ƙarfinsa sannan ya jawo ka da lalurarsa ba. Na ce masa ban yi alkawari ba. Ya ce dama tun ina ƙarama ba na jin magana.

Na tambaye shi batun juya bayan, na gaya masa yadda ka ɗauke shi. Wallahi Auta, sai da ya dafe kai. Ya ce shi bai san ma yana juyawa ba sai da na yi masa faɗa, muryarka kawai yake bi, inda ta fito nan yake nufa, don a wurinsa nan kake. Sannan ya ce in tuna lokacin da yake ɗaukar ka a kariyar kekensa zuwa makaranta. Ya ce tun daga ƙofar gida har bakin makaranta ba ka rufe baki, kana ba shi labarin duk abin da ka gani a hanya, shi kuma yana tuƙi yana karkato da kai don ya ji ka, har sau da yawa ya kusa afka wa masu tafiya. Ya ce ranar da muryarka ta fara fitowa daga rediyon nan ta bayansa, ji ya yi kamar an mayar masa da kai kan kariya. Maganar shago ko ambatonta bai yi ba, da na tayar da ita ma cewa ya yi wane shago, ai shagon ya ci zamaninsa.

Na kai shi asibitin ido, da ƙyar, sai da baban yara ya sa baki. Likita ta ce na hagu ya yi nisa, amma na dama yanar ido ce ta rufe shi, in aka yi aiki akwai sa rai, kuma jinkiri ba zai taimaka ba. Baba ya ce shi ba mai kai masa wuƙa ido da tsufansa, abin da ya gani a duniya ya ishe shi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo Gwaggo ta yi nata, duk a banza. Ni a ganina mutumin da ya ƙirƙiro wa kansa jar riga a baƙin allo bai gama son gani ba. Amma tunda ka daina kira, me zai ce yana son ya gani?

Na koma kan wayoyin nan kuma, ni da na rantse na gama da su. Da farko na sauko da rediyon na ajiye ƙarƙashin allo, don in ka kira ya fuskance ka. Kwana ɗaya ya yi a wurin. Da asuba Baba ya miƙa hannu kan kanta bai ji shi ba, ya tashi nema ya yi karo da kujera ya fasa ƙauri. Na zo na tarar ya ƙi karyawa, ya ce a mayar masa da abinsa. Na mayar. A hanyar gida ne na ce wa kaina, tunda ba za a kai murya wurin kyamara ba, sai a kai kyamara wurin murya. Na sake kiran Injiniya, wanda yanzu in ya ga lambata na san sai ya yi ajiyar zuciya kafin ya ɗauka. Kebul ɗin kyamarar gajere ne, muka ƙara masa wani, hoto ya riƙa tsayawa yana tafiya. Sai ya ciro ita kwamfutar ya mayar da ita kan kanta kusa da rediyo, ya ja dogon kebul na hoto ya bi da shi ta bayan kabad zuwa allo, wato duk aikin farko aka warware aka sake. Da aka kunna kuma sai ƙara ta tashi kamar za ta tsaga kunne, don makirufon yana jikin kyamarar, ga shi ta zauna a kan sifika. Aka rage murya, aka matsar da ita gefe, na ninka tsohon ɗankwali na sa a ƙarƙashinta, ƙarar ta kwanta. Saura abin da zai riƙe ta kada ta zame. Baba ya ce a miƙo masa almakashi, ya yanko robar taya, ya lalubi kyamarar ya ɗaure ta da hannunsa a jikin marikin rediyon, ɗaurin da Injiniya ya ja ya ja bai motsa ba. Adaftar kuma na naɗe ta da salatif, ko da tsintsiya aka doke ta ba za ta sake faɗowa ba.

Mun gwada. Baban yara ya kira daga wurin aikinsa, ya ce yana ganin fuskar Baba gaba ɗaya, har furfurar girarsa. Na juya kujerar ma gaba ɗaya, yanzu rediyo take kallo, ba sai ya wahalar da wuyansa ba.

Don haka ina roƙon ka, kada ka aiko da babban allon da ka taɓa cewa za ka aiko, ko wata sabuwar kyamara. Bayana ba zai iya ɗaukar wani kwalin ba, kuma ba abin da ya rage a haɗa. Ba kuma na ce ka ajiye aikinka ka taho ba, wannan kai da matarka za ku duba, ni ba zan ɗora maka ba. Abin da nake so ka kira. In ka kira kada ka ɗaga abu ka ce masa ya gani. Ka faɗa masa wanda ke kusa da kai, da abin da yarinyar take yi, da irin rigar da ke jikinta, ka yi ta surutu yadda ka saba tun kana kan kariya. Zai gane na faɗa maka, zai yi fushi da ni, ba komai, na saba. In hira ta yi daɗi ka kawo masa maganar aikin idon, ka ce kana so ya ga takwarar Inna da idonsa. Ni ya ƙi ji, kai ban sani ba.

Baban yara yana gaishe ka, ya ce in gaya maka shi ya gano inda ja da fari suke shiga, ka bar shi da wannan. Gwaggo tana gaisuwa, ta ce ka rame a hoto, matarka ta ƙara maka abinci. Kawu da iyalinsa suna gaishe ku, haka maƙwabcinmu tela, wanda na gano ya daɗe da sanin halin da Baba yake ciki ya rufa masa asiri, ban san ko in gode masa ko in yi masa faɗa ba. Yara suna gaishe da ƙanwarsu. Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka karanta mata wannan takarda, don ita ma ta ga ƙeyar nan kuma na san ta ji ba daɗi.

Ranar Asabar bayan la'asar zan kunna komai in jira. Baba zai sa rigarsa da hularsa ya zauna, kamar yadda bai fasa ba ko sau ɗaya tun da ka daina kira. Wannan karon fuskarsa za ka gani. Allon yana bayansa, ni zan tsaya a gaban allon in kalle ka a madadinsa, in ya tambaye ni yadda ka koma in faɗa masa gaskiya. Don Allah, Auta, kada ka bar ni in sake ce masa sabis ne babu.

Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka